Tabaron Hangen Nesa: Wane Ne Ya Dace da Ɗalibi?

Duk makarantar sakandaren da ta kafa ƙungiyar nazarin tsuntsaye da namun daji, ba a daɗewa sai maganar sayen tabaron hangen nesa ta taso. Akan haɗa 'yan kuɗi da ƙyar da jiɓin goshi, daga aljihun ɗalibai da na ƙungiyar iyaye da malamai, sa'an nan a tura malamin bayoloji kasuwa. Can kuma mai kanti zai jera masa kaya, ya ɗauko mafi girma, mai jan gilashi yana ƙyalli, ya nuna masa lambar da ke rubuce a jikinsa, 20x50 ko ma 60x90, ya ce da wannan ana hango mutum daga wani gari. Sau da yawa shi ɗin ake saye, domin a tunanin mai saye babbar lamba ita ce babban gani. Bayan fita biyu ko uku sai ɗalibai su fara kukan ciwon kai da jiri, alhali kuwa ba wanda ya iya kama ko tsuntsu ɗaya a cikin gilashin. Daga nan tabaro ya koma kwabar ofis, ƙungiya kuma ta mutu murus.

Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, tabaron da ya dace da ɗalibi, kai har ma da malaminsa, shi ne wanda lambarsa ta farko 7 ce ko 8. Duk wanda ya wuce 10 asarar kuɗi ne muddin da hannu za a riƙe shi. Dalilan haka kuwa ba su fi ƙarfin ɗan aji huɗu ba, domin lissafin rabawa ne kawai da ɗan sanin yadda idon ɗan Adam yake aiki.

Lambobi biyu ake rubutawa a jikin kowane tabaro. A ɗauki 8x42 alal misali. Lambar farko, watau 8, ita ce ƙarfin kusantowa: abin da ke nesa da mai kallo da mita 80 zai bayyana kamar yana mita 10. Ta biyu, watau 42, ita ce faɗin gilashin gaba da ma'aunin milimita, kuma ita ke nuna yawan hasken da tabaron zai iya tarawa. To, a gwada wannan lissafi da hasbiyar da ta sauka a kan kuka a nisan mita 80 ɗin nan. Tabaro mai 8 zai kawo ta mita 10, mai 10 kuwa zai kawo ta mita 8. Ribar duka ba ta wuce taku biyu ko uku ba. Mai 20 zai kawo ta mita 4, wanda a takarda babbar riba ce, sai dai farashin da ake biya a kanta shi ne abin da mai kanti ba ya faɗa.

Farashi na farko shi ne rawar hannu. Babu hannun da yake tsayawa cik. Tsokokin mai cikakkiyar lafiya ma suna da wata 'yar makyarkyata da ido ba ya gani, wadda take aukuwa kamar sau 8 zuwa 12 a cikin daƙiƙa ɗaya, ga kuma numfashi da bugun zuciya. Tabaro bai san bambanci tsakanin tsuntsu da motsi ba, duka biyu yake ninkawa. A ƙarfin 8 ƙwaƙwalwa tana iya shanye wannan rawa ba tare da mai kallo ya lura ba. A ƙarfin 10 wanda ya saba yana iya jurewa, musamman in ya jingina da bishiya ko ya kafe gwiwoyin hannunsa a ƙirji. A ƙarfin 20 kuwa hoton yakan yi ta tsalle, har ya zamana tsuntsun ya fi girma a ido amma launin baki da zanen fiffike, waɗanda da su ake tantance shi, sun ɓace a cikin rawar. Ɗalibi ɗan shekara goma sha uku da ya ɗaga abu mai nauyin kilo guda zuwa fuskarsa ba zai yi minti ɗaya ba kafaɗunsa za su fara karkarwa.

Na biyu shi ne ƙuncin fage. Gwargwadon ƙaruwar ƙarfin kusantowa, gwargwadon raguwar filin da ido yake gani. Masu ƙera tabaro sukan rubuta wannan a jikinsa, misali 130m/1000m, ma'ana wanda ya hangi wuri mai nisan mita 1,000 zai ga fili mai faɗin mita 130. Wasu da digiri suke rubutawa, kuma kowane digiri ɗaya daidai yake da kusan mita 17.5; wasu kuma, musamman na kasuwar Amurka, da ƙafa a kan yadi 1,000 suke rubutawa, sai a raba da uku a sami mita. Tabaro mai kyau na 8x42 yakan ba da mita 120 zuwa 140, na 20x50 kuwa bai cika wuce mita 60 ba. Amma ai ba a nisan kilomita ake kallon yawancin tsuntsaye ba. Cilakowar da ke cikin tsamiya a nisan mita 20, mai tabaron 8 yana ganin da'irar da ta kai mita biyu da rabi a kewaye da ita, mai na 20 kuwa mita ɗaya da 'yan kai kawai yake gani. In aka auna da faɗin fili gaba ɗaya, na farkon ya ninka na biyun wajen sau biyar. Tsuntsu kuma ba ya jiran kowa. Kafin ɗalibi ya lalubo reshen da ya gani da ido, cilakowa ta koma wata bishiyar. Wanda ya taɓa ƙoƙarin bin shirwa tana shawagi da irin wannan tabaro ya san takaicin, kamar mai leƙen kasuwa ne ta kafar makulli.

Akwai kuma wata matsala da ke rakiyar wannan. Idan ƙarfi ya yi yawa, tazarar da abubuwa ke fitowa tar a cikinta takan yi siriri ƙwarai, ta yadda da tsuntsu ya matsa gaba ko baya kaɗan sai an sake murɗa saiti.

Na uku, wanda ya fi cancantar malami ya tsaya a kansa a cikin aji, shi ne batun haske. Idan aka riƙe tabaro nesa da fuska da tsawon hannu, aka fuskantar da shi wajen farin bango ko sararin sama inda babu rana, za a ga wani ɗan ɗigon haske a tsakiyar kowane gilashin ido. Duk hasken da tabaron ya tara ta wannan ɗigo yake fitowa. Faɗinsa kuwa ana samunsa ne ta raba lamba ta biyu da ta farko. A 8x42 amsa ita ce milimita 5.25, a 7x35 da 10x50 milimita 5, a 8x32 milimita 4, a 20x50 da 10x25 kuwa milimita 2.5 kacal. To, shi ma ido yana da tasa tagar, watau ɗan baƙin nan da ke tsakiyar ƙwayar ido, wanda yake tsukewa zuwa milimita 2 ko 3 a tsakar rana, ya buɗe har wajen milimita 7 a cikin duhu a wurin matashi. Da shekaru suka ja sai buɗewar ta ragu, ta tsaya wajen milimita 5. Da tsakar rana ke nan ɗigo mai milimita 2.5 ya wadatar, shi ya sa kowane tabaro yake burge mai saye a bakin kanti da hantsi. Sai dai tsuntsaye da namun daji ba da tsakar rana suke harkarsu ba. Sassafe da la'asar sakaliya su ne lokutan kiwo da shan ruwa, kuma a lokacin tagar ido ta buɗe zuwa milimita 4 ko 5 tana neman haske, tabaro mai ƙaramin ɗigo kuwa sai ya ba ta abin da bai kai rabin buƙatarta ba. Wanda ya je Yankari ya tsaya a gaɓar kogin Gaji gab da faɗuwar rana yana jiran ɓauna ko gwanki su fito daga inuwa, a nan zai gane bambancin 8x42 da 20x50, domin mai na farkon yana ci gaba da kallo bayan mai na biyun ya sauke nasa.

Babban ɗigo yana da wani amfani ko da rana: ido yana samunsa cikin sauƙi. Ƙaramin ɗigo kuwa da tabaro ya goce kaɗan sai baƙi ya rufe gefe guda, abin da ke saurin gajiyar da mai koyo.

Ga duk waɗannan sai a ƙara yanayin ƙasar Hausa, wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika kula da shi ba. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da baƙin tsuntsaye suke nan, shi ne kuma lokacin hazo. Ƙurar da ke rataye a iska tana tsakanin mai kallo da abin kallo, kuma babu gilashin da zai kawar da ita. Babban ƙarfi sai dai ya girmama dishi-dishin. Da bazara kuma zafin ƙasa yakan sa iska ta riƙa rawa a saman fili, irin abin nan da ke haifar da kawalwalniya a kan kwalta. Ƙarfe goma na safe in ta yi, tabaro mai ƙarfin 20 rawar iskar yake nuna wa mai shi.

Mai karatu zai iya kawo hujja ya ce, to yaya wurare irin dausayin Haɗeja da Nguru, inda ruwa ya shimfiɗu iya ganin ido, kuma ba a iya kusantar tsuntsaye? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. A wannan dausayi, wanda aka sa tafkin Nguru da ke cikinsa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, dubban agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa suke sauka kowace shekara bayan sun ƙetaro hamadar Sahara daga Turai da Asiya, su cakuɗu da 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya da balbela. A irin wannan buɗaɗɗen wuri, inda tsuntsaye suke zaune ko suna iyo a hankali, ƙwararren mai ƙidaya yana da dalilin fifita 10x42, kuma da yawa daga cikinsu shi suke riƙewa. Amma a sake yin lissafin. Garken da ke nisan mita 400, mai 8 zai gan shi kamar a mita 50, mai 10 kuma kamar a mita 40. Ko wanne daga cikinsu bai isa a tantance ƙananan tsuntsaye masu kama da juna ba. Abin da ke raba gardama a can shi ne madubin hange mai ido ɗaya, mai ƙarfin 20 zuwa 60, wanda ake ɗorawa a kan mariƙi mai ƙafa uku don kada ya motsa. A ƙarfin 30 garken nan zai dawo kamar mita 13. Ashe ke nan babban ƙarfi yana da wurinsa, amma a kan ƙafa uku. Kuma ko mai wannan madubi da tabaron 8 ko 10 yake fara nemo garken kafin ya juya madubin gare shi.

Wata hujjar ta zamani ita ce ta kyamarar wayar hannu, wadda ake cewa ita ma tana jawo nesa kusa. A yawancin wayoyi abin da take yi shi ne yanko tsakiyar hoto ta baza shi, ba tare da ta ƙara ko gashin fiffike ɗaya da ba ya cikin hoton tun farko ba. Tana da amfani wajen ɗaukar kukan tsuntsu da adana bayanai, amma ba ta maye gurbin tabaro.

Lambar da aka rubuta ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Tabaro mai gilashin gaba na milimita 90 na gaskiya abu ne mai nauyin kilo da yawa da ba a rataya shi a wuya. Ɗan wanda ake sa wa 60x90 ana sayar da shi a cikin kwalin da bai fi na sabulu biyu ba, ƙarya ce tsagwaronta. Rula kaɗai ta isa ta tona asirinsa: a auna gilashin gaba, a auna ɗigon haske, a raba, sai ainihin ƙarfinsa ya fito. Ana kuma iya duban bangon bulo da ido ɗaya ta cikin tabaron, ɗaya idon a buɗe a waje, a ƙirga bulo nawa na zahiri ne suka shiga cikin bulo ɗaya da aka girmama. Wannan gwaji ne mai kyau ga darasin fiziks. Haka nan jan fentin da ke ƙyalli a gilashin gaba ba alamar inganci ba ne. Duk hasken da ya dawo wa idon mai saye yana walƙiya, haske ne da bai shiga cikin tabaron ba, kuma wanda ya leƙa ta irin wannan gilashi zai ga duniya ta koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore, wanda babbar illa ce ga mai tantance tsuntsu da launi. Shafe na gaskiya, wanda Alexander Smakula ya ƙirƙiro a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935, aikinsa rage wannan walƙiya ne, domin kowace fuskar gilashi marar shafe tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata, kuma a tabaro mai fuskoki goma asarar takan kai sulusin hasken. Gilashi mai shafe na ƙwarai duhu-duhu yake, da ɗan sirkin kore ko shunayya. Tabaro mai canza ƙarfi, irin wanda ake rubuta wa 10-30x50, shi ma gara a bar shi a kanti, saboda fagensa ƙuntatacce ne tun daga ƙaramin ƙarfinsa, kuma ƙarin sassan da ke motsi a cikinsa sukan sa ya yi saurin gocewa. Araha dai ba ta ado.

Game da siffa, iri biyu ne. Akwai mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi na ido nisa da juna. Tsarin dunƙulen gilashin da ke miƙe hoto a cikinsa wani Ba'italiye ne mai suna Ignazio Porro ya yi masa rajista a 1854, kamfanin Zeiss kuma ya fara sayar da irinsa a 1894. Akwai kuma miƙaƙƙe, mai kama da bututu biyu a jere, wanda ya fi daɗin riƙo kuma ya fi sauƙin toshewa daga ruwa da ƙura, amma ƙera shi da kyau ya fi tsada. Saboda haka idan kuɗi kaɗan ne, mai kafaɗa na 8x40 ko 7x35 yakan fi miƙaƙƙen da ke farashi ɗaya da shi kyawun hoto. Ga ƙananan ɗalibai kuwa 8x30 ko 8x32 ya fi, domin nauyinsa wajen rabin kilo ne. Makarantar da ke da kuɗin babban tabaro guda ɗaya, ta fi cin riba in ta sayi matsakaita uku ko huɗu, saboda ɗalibai talatin ba sa koyon komai da tabaro ɗaya da ke yawo daga hannu zuwa hannu bayan tsuntsun ya tashi.

Kafin a biya kuɗi lalle ne a gwada. Abu mafi muhimmanci shi ne a tabbata bututun biyu wuri ɗaya suke duba. A kalli wayar lantarki ko bakin rufin gini daga nesa, sa'an nan a janye tabaron daga ido a hankali. In layin ya rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, to tabaron ya goce, kuma shi ne mai kawo ciwon kai, domin tsokokin ido suna ta wahalar haɗa hotuna biyun da ba su dace ba. Wannan aibi ya fi yawa a kayan gwanjo da suka sha faɗuwa. A duba ɗigon haske ya kasance zagayayye, ba mai kusurwa huɗu da inuwa a gefe ba. A leƙa ta gilashin gaba a nemi ƙura ko zaren fumfuna. A lanƙwasa tabaron a ga ko zai matsu daidai da tazarar idanun ƙaramin ɗalibi, domin da yawa ba sa matsuwa ƙasa da milimita 56. Mai sa tabaron likita ya nemi wanda za a iya ganin dukan fagensa daga nisan milimita 15 ko fiye daga gilashin ido. A kuma gwada mafi kusancin nisan da yake iya saitawa. Wanda ya iya mita 2 ko 3 zai yi aiki har ga nazarin malam-buɗe-littafi da ƙadangare.

Dalilin da ya sa wannan batu ya wuce na sha'awa shi ne ƙarancin idanun da ke lura da halittun ƙasar nan. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, kuma har a 1998 sai da masana suka bayyana wani sabon nau'i na dangin baiwar Allah daga duwatsun Jos, wanda kimiyya ba ta san da shi ba kafin nan. A can ne kuma aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a 2001, tare da Jami'ar Jos, a dajin Amurum. A ɗaya gefen kuma, ungulu, wadda a da ba a rasa ta a kowace mahauta, tun 2015 take cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa na ƙungiyar IUCN, gauraka kuma ya zama sai labari a yawancin fadamun da aka san shi da su. Sanin inda suka rage da kuma yawansu aiki ne na mutane masu yawa a wurare masu yawa, irin ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi kowane watan Janairu, wadda ƙasashen Afirka suka shiga tun 1991. Ɗalibin da ya iya rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a garinsu kowace shekara, da adadin sheƙunan da ta yi, ya riga ya fara aikin kimiyya. Amma ba zai kai nan ba in fitarsa ta farko ta ƙare da jiri.

Sauran abin da ya rage horo ne, kuma na malami ne. A koya wa ɗalibi ya rufe gilashin dama, ya saita na hagu da mamurɗin tsakiya, sa'an nan ya rufe na hagu ya daidaita na dama da zoben da ke jikinsa, domin idanun mutum biyu ba su cika zama daidai ba. A koya masa ya kafe idonsa a kan tsuntsu, ya ɗago tabaron zuwa ido ba tare da ya sunkuya ba. Kada a goge gilashi da gefen riga a lokacin hunturu. Ƙurar hazo tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da ke kankare shafe, don haka a fara hure ta tukuna, a bi da tattausan ƙyalle. Da damina kada a rufe shi da laima a cikin jaka. Kada a kuskura a dubi rana da shi ko na ƙiftawar ido, domin hasken da gilashi ya tara yana ƙona tantanin da ke can bayan ido, kuma ƙunar tana iya zama ta har abada. Wannan gargaɗi a maimaita shi musamman in ana maganar husufin rana. Sa'an nan tabaro abu ne da ke jawo zargi. Kafin a shiga fadamar wani ƙauye a fara gaida dagaci ko mai unguwa a bayyana masa abin da ya kawo ɗalibai, kada a juya gilashi wajen gidajen mutane ko wurin da mata ke ɗiban ruwa, kuma a mayar da shi cikin jaka a kusa da barikin soja da filin jirgin sama da shingen jami'an tsaro.